Ranar da Ƙirjin Agogo Ya Yi Shiru

Duk layin teloli babu wanda bai san Agogo ba. Ba wai ta fi kowa iya ɗinki ba ne, ko da yake in ta fitar maka da wuyan riga sai dai ka sa ka yi shiru. An san ta ne saboda in ka zauna kusa da ita, wuri ya yi tsit, za ka ji wani abu na bugawa a ƙirjinta, ƙas, ƙas, ƙas. Baƙo yakan ɗaga kai ya duba bango, ya duba tsintsiyar hannunsa, ita kuwa ko ɗagowa daga kan keke ba ta yi, sai ta ce, "Kar ka wahalar da kanka, ni ce."

Abin ya faro ne tun tana 'yar firamare. Ciwon maƙogwaro ta yi, irin wanda kowane yaro ke yi, aka ce zai wuce. Ya wuce ɗin, sai gwiwoyi suka kumbura, su ma suka sace, kowa ya manta. Ashe ciwon ciki ya koma yana cin ta. Kafin ta gama sakandare matattakalar aji ta gagare ta, sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango tana haki. Likitoci suka ce ɗaya daga cikin ƙofofin da jini ke bi a zuciyarta ta lalace, ba ta buɗewa sosai, ba ta rufewa sosai. Aka buɗe ƙirjin aka cire ta, aka sa ta ƙarfe, kuma ƙarar buɗewarta da rufewarta ce ake ji. Aka ɗora mata doka ta har abada: ƙwaya ɗaya kullum da yamma, mai tsinka jini. Jini ba ya shiri da ƙarfe. In aka bar shi da kaurinsa sai ya daskare a jikin ƙofar, ƙofar ta maƙale, mai ita kuma sai dai wani labarin.

Yayarta ce ta raɗa mata sunan, a gadon asibiti, ko ɗinkin ba a warware ba. Yaya mace ce mai bakin tsiya, wadda in ba ta tsokane ka ba to fushi take yi da kai. Ta sunkuya ta saurara, ta ce da mahaifiyarsu, "To Inna, mun huta da tambayar lokaci." Inna ta ɗaka mata duka a baya, mara lafiya ta yi dariya har ɗinki ya yi mata zafi, suna kuma ya bi ta.

Wanda bai taɓa zama mara lafiyar gida ba, ba zai gane irin gajiyar da ke cikinsa ba. Ajiye bokitin nan. Zauna. Kar ki yi gudu. Me ya sa kika yi shiru, ƙirjin ne? Da ta yi tari sau ɗaya sai a shimfiɗa tabarma a ce ta kwanta, 'yan'uwanta su tafi harkarsu su bar ta da kallon rufin ɗaki. A nan Agogo ta koyi wani mugun hali. In ta gaji ba za ta ce ta gaji ba, sai ta yi kamar tana neman takalmi. In numfashi ya yi mata wuya sai ta yi kamar hamma take yi. Duk wanda ya tambaye ta jiki, amsa ɗaya ce tun kafin ya rufe baki: lafiya lau.

Da Yaya ta buɗe shagon ɗinki sai ta ja ta ciki, tunda aikin zaune ne. Ɗan shago ne mai ƙofar ƙarfe, kekuna biyu na lantarki, teburin yanka da ya ci rabin wurin, fanka a sama da ke kuka dare da rana, da buhun ƙyallaye a lungu. A nan Dogo ya same ta. Direban bas ne, ya kawo labulen motarsa a kama masa baki, aka ɗauke wuta yana tsaye. Ya karkatar da kai ya yi jim, kamar yadda yake yi wa inji, sannan ya ce, "Wannan bawul ne, irin na inji. Kuma lafiyarsa ƙalau." Tun da take ba a taɓa jin ƙarar nan an ce lafiyarta ƙalau ba, kowa sai dai ya ce sannu. Labulen nan sau uku yana dawowa gyara, a na huɗu Yaya ta ce masa in aure yake so ya faɗa, zare ya fara ƙarewa.

Likitarta, wata mata mai tabarau da ta san ƙirjin nan tun ana buɗe shi, ta ja musu kunne kafin biki. Kada a ɗauki ciki sai an zo an zauna an tsara, domin ƙwayar nan tana iya ɓata halittar ɗa a farkon ciki. Suka ce to. Shekaru suka shuɗe ana ta to, ana ɗagawa, ana cewa sai jiki ya ƙara ƙwari. Sai ga ciki ya zo bai nemi izinin kowa ba.

Ranar da suka je suka faɗa, likitar ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi sauƙi. Ta cire tabarau ta murza ido, ta yi musu bayani dalla-dalla. Ƙwayar da Agogo ke sha mai yawa ce, za ta iya taɓa ɗan, don haka a ajiye ta. Amma ba a barin ƙarfe babu magani ko na yini guda, don haka allura ce za ta maye gurbi, safe da yamma, a fatar ciki, da hannunta, har ranar haihuwa. Ciki yana ƙara wa jini kauri, yana kuma ƙara wa zuciya aiki. Sai ta dubi Agogo ido cikin ido.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba. Akwai matan da ke da irin ƙofarki da suka haihu lafiya, akwai kuma waɗanda muka rasa. In kin ga ba za ki iya ba, akwai hanyar da za a tsaya tun yanzu, kuma babu wanda zai ga laifinki."

Dogo na gefe ya ƙura wa takalminsa ido. Agogo ta ce, "Zan iya."

Daga ranar tsoro ya tare a gidan. Amma ba tsoron mutuwa ne ya fi cin ta ba, ko da yake yana nan. Wanda ya fi shi shi ne kada ta koma awo ta faɗi wani abu, likita ta sake cire tabarau ta maimaita waccan magana. Saboda haka duk zuwa awo, kafin a tambaya ta riga ta ce lafiya lau.

Allurar ba ta dame ta ba da fari. Tela ce, babban yatsanta duk tabon allura ne. Nas ta nuna mata sau ɗaya ta ɗauke: ki goge wurin, ki matso fata tsakanin yatsu biyu, ki soka a tudun da kika matso, ki tura a hankali. 'Yar ƙaramar sirinji ce da maganinta a ciki, in an gama a jefa a wata robar asibiti mai marfi, in robar ta cika Dogo ya mayar. Ta safe a gida take yi, ta yamma a bayan labulen gwaji na shago. Fatar cikin ta cika da shaidar taruwar jini, wata shuɗiya wata ruwan ƙasa. Dogo kuwa, ƙato guda da ke ɗaga tayar bas shi kaɗai, da ya ga ta ɓare leda sai ya tuna bai duba ruwan mota ba.

Haka aka yi ta tafiya har ciki ya shiga wata na bakwai. Ita ba mai jiki ba ce dama, sai cikin ya fito gaba ya ɗaure tamau. Wata safiya tana zaune a bakin gado ta kai yatsu za ta matso fata, ta ji babu abin matsowa. Ta gwada dama, ta gwada hagu, fata sai sulɓewa take. Ta dai samu ɗan abin da ta kama ta soka. Allura na shiga, ɗan ya yi wani irin harbi daidai wurin, har sirinjin ta girgiza a hannunta.

Ta zare allurar ta zauna dafe da wurin, tana jira ta ji ko zai sake motsi. Bai motsa ba sai can da hantsi, kuma kafin hantsin nan ta mutu ta dawo ya fi a ƙirga.

A shago ta kasa aiki. Abin da ta sani ne ya hana ta sakat. Ta san yadi in yana sako-sako allura takan tsaya a cikinsa. Ta kuma san in ka ja shi ya yi tauri, allura wucewa take yi fit, ta sami yatsan da ke ƙasa. Sau nawa ta soki kanta haka? Ta ɗauko tef ɗin awo a ɓoye ta gwada tsawon allurar, ta dubi cikinta, ta ƙiyasta kaurin fatar da ido yadda take ƙiyasta yadi. Lissafinta ya ba ta cewa tsakanin bakin allura da kan ɗanta babu komai. Lissafin banza ne, cikin mutum ba yadi ba ne, amma wa zai gaya mata tunda ba ta tambaya ba?

Da yamma ta shiga bayan labule, ta ɓare leda, ta ɗaga riga. Hannunta ya ƙi. Ɗan yana ta juyi a ƙarƙashin tafinta, tana jin wani abu mai tauri, ko gwiwa ko kai. Ta jawo dunƙulen ƙyalle daga buhu, ta soka allurar a ciki ta ture maganin duka, ta cusa ƙyallen can ƙasa. Sirinjin da ba komai ta jefa a jaka don a kai roba. Ta ce a ranta yau kaɗai ne.

Ba yau kaɗai ba ne. Wata rana in ta ji ɗan ya lafa sai ta rufe ido ta yi, wata rana ƙyalle ya sha. A hankali ƙyalle ya fi ta samu. Ranar da za a ɗebi jininta a asibiti kuwa sai ta cije ta yi tun jajibiri, don kada gwaji ya tona ta. Roba na cika kamar kullum, Dogo na mayarwa yana alfahari da matarsa. Ita kuwa ta shiga tsakanin tsoro biyu, kowanne na ja. In ta yi allurar, sai ta wuni tana ganin ta tsokane wa ɗanta ido. In ba ta yi ba, sai ta wuni tana kasa kunne ga ƙirjinta, tana jin kamar jinin na yin kauri a jijiyoyinta. Ba ta san dare ba, ba ta san rana ba, kuma duk wanda ya ce yaya jiki sai ta ce lafiya lau.

Sai haki ya dawo. Ta ƙara matashi ɗaya, ta ƙara na biyu, ta koma barci a jingine. Daga bakin titi zuwa shago sai ta tsaya ta yi kamar tana kallon kayan masu tireda. Ƙafa ta kumbura. Kowa ya gani sai ya ce ciki ne, haka yake in ya tsufa. Inna ma da ta zo dubiya cewa ta yi ita da cikin Yaya ko sunkuyawa ba ta iya yi. Agogo ta riƙe maganar nan da hannu biyu, don tana so ta zama gaskiya.

Ranar da abin ya fashe, rana ce tsaka, shago cike da aikin rigunan makaranta. Kekuna biyu na gudu, fanka na kuka, sai aka ɗauke wuta. Komai ya tsaya lokaci guda. Kullum in haka ta faru Yaya takan miƙe ta yi miƙa ta ce, "To, bari mu ji ƙarfe nawa." Ta miƙe ɗin, ta buɗe baki, sai ta tsaya.

"Ke, yi shiru."

"Ai ban ce komai ba, Yaya."

"Na ce yi shiru."

Yaya ta zagayo teburin yanka. Shekara da shekaru daga kujerarta take jin ƙarar nan, yau ga ta tsaye a kan ƙanwarta ba ta ji. Ta durƙusa ta manna kunne a ƙirjin. Bugun yana nan, amma can ƙasa-ƙasa, dushe-dushe, kamar an naɗe shi cikin bargo, wani bugun ya fito wani ya ɓace. Ta ɗago ta dubi fuskar Agogo da kyau, karon farko a makonni. Leɓɓan sun yi duhu, hancin na buɗewa da kowane numfashi.

"Tun yaushe?"

"Ciki ne, Yaya, Inna ma ta ce..."

"Zan ci mutuncinki a shagon nan. Tun yaushe?"

Agogo ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, numfashin faɗar bai ishe ta ba. A nan ne tsoron da take ta dannewa ya taso mata gaba ɗaya, ta riƙe hannun Yaya ta ce, "Yaya, ina jin tsoro." Tun suna yara Yaya ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinta ba, sai ta zaro waya ta kira Dogo.

Dogo ya sauke fasinjojinsa a tsakiyar hanya suna zaginsa, ya zo da bas ɗin har bakin shago. Agogo ta zauna a kujerar gaba ta fitar da kai ta taga tana neman iska, ga bas fanko na kwaramniya a bayansu. Yana tuƙi yana cewa, "Mun kusa, mun kusa," alhali ko rabi ba su yi ba.

A asibiti aka sa mata abin shaƙar iska. Likita ta zo da sauri, ta ɗora abin sauraro a ƙirjin, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Aka turo na'urar hoton zuciya, aka shafa mata wani abu mai sanyi, likita ta ƙura wa allon ido. Ɗaya daga cikin fikafikan ƙofar ba ya motsi, gudan jini ya riƙe shi.

"Malama, akwai allurar da kika tsallake?"

Dogo ne ya amsa, da ƙarfinsa. "Ko ɗaya, ranki ya daɗe. Ni nake kawo robar da hannuna. Matar nan ba ta wasa da magani."

Likita ba ta dube shi ba, Agogo take kallo. "Ba don in yi miki faɗa nake tambaya ba. Maganin da zan ba ki yanzu ya danganta da amsar. In kina yi kuma jini ya daskare, hanya daban ce. In ba kya yi, hanya daban."

Agogo ta dubi mijinta, ya tsaya ƙiƙam yana jiran ta gaskata shi. Ta janye abin iskar daga bakinta, ta faɗa, kalma biyu numfashi ɗaya. Fatar ta ɗaure. Ɗan ya yi harbi. Ta auna da tef. Ƙyalle. Ba ta ɗaga ido ba har ta gama, amma ta ji lokacin da Dogo ya zauna daɓas a kan kujera.

Nas ɗin da ta koya mata allurar tana tsaye a gefen gado tana ɗaura ƙarin ruwa. Ta tsaya da aikin, muryarta a sanyaye ta ce, "Haba 'yar'uwa. Allurar nan ko kitsen fata ba ta wucewa. Bayansa akwai nama, akwai mahaifa, akwai ruwa. Kuma da kin faɗa min, ai a cinya ma ana yi."

A cinya. Agogo ta rufe ido. Duk makonnin nan na azaba, ga cinya a jikinta tana zaune a kai.

Aka ɗaura mata maganin tsinka jini ta jijiya, aka ce a ga ko gudan zai saki. Ta kwana a jingine, wayoyi a ƙirji, wani bel a ciki yana fitar da bugun zuciyar ɗan, fat-fat-fat da sauri kamar yana gudu. Dogo bai yi mata maganar ba ko sau ɗaya. Ya dai zauna yana riƙe da ƙafarta mai kumburi, in ta dube shi sai ya ce, "Kina son ruwa?" Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Gudan bai saki ba. Da safe ruwa ya fara taruwa a huhunta, tana tari yana fitowa da kumfa. Likitoci suka taru a ƙofa, na zuciya da na haihuwa da mai sa barci, suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan likitarta ta shigo ta zauna a bakin gadon. Ba za a ƙara jira ba. Za a fara ciro ɗan ta tiyata, a miƙa shi ga masu kula da bakwaini, sannan a buɗe ƙirji a canza ƙofar.

"Bai isa ba," in ji Agogo. "Likita, bai isa fitowa ba."

"Bai isa ba. Amma a waje yana da dama. A ciki, in zuciyarki ta tsaya, ku biyun ne."

"Zai rayu?"

"Ban sani ba. Ke ma ban sani ba. Abin da na sani, duk wanda ya kamata ya kasance a ɗakin nan yana nan."

Aka tura gadon ta wani dogon baranda, fitilun sama na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Dogo na tafe a dama, Yaya a hagu tana riƙe da ƙarfen gado kamar za ta hana shi tafiya. A bakin ƙofar tiyata Agogo ta jawo mayafin Yaya.

"Yaya, in ban fito ba, ke za ki..."

"Rufe min baki. Rigunan makaranta na can kin bar min rabi babu hannu, wa kike so ya ƙarasa?" Hawaye na zuba a fuskar Yaya har wuya, ko sharewa ba ta yi ba. "Ki shiga ki fito, ina nan."

Ƙofa ta rufe. Ɗakin fari ne tas, da sanyi, mutane duk fuska a rufe. Wani ya ce ta ja numfashi. Ta ɗora hannu a cikin, ɗan ya motsa a ƙarƙashinsa, sai aka janye hannun aka ɗaure a gefe.

Da ta farka ba ta san ko wace rana ba ce. Maƙogwaro kamar an kankare, ƙirji kamar an ɗora buhu, ciki kuma ya faɗa. Ta lallaɓa hannu ta taɓa, babu kowa a ciki. Ta kasa tambaya, tana tsoron amsar, sai ta bi fuskar Dogo da ido. Ya rame, gemu ya tsiro masa birjik. Ya sunkuyo ya ce, "Mace ce. Tana kwalbar bakwaini. Tana numfashi." Ya ƙara da cewa, don shi ba ya iya ƙarya, "Sun ce sai an ga yadda kwanakin nan za su yi."

Sai da aka cire mata wasu wayoyin aka yarda ta je. Yaya ta tura ta a keken marasa lafiya, ta rungume matashi a ƙirji saboda ɗinki. Ɗakin bakwaini da ɗumi, na'urori na ta ƙara, akwatunan gilashi a jere. Aka wanke mata hannu har gwiwa, aka tsayar da keken a gaban na ƙarshe.

Yarinyar ba ta fi tsawon takalmin Dogo ba. Ja ce jawur, fatar har ana ganin jijiyoyi, haƙarƙari na shiga na fita da sauri. Siririn bututu a hanci. A bayan hannu an manne allura da filasta, ɗayan hannun kuma ya yi shuɗi inda aka nema aka rasa. Dugadugan biyu duk ɗigo-ɗigon huda ne.

Agogo ta daɗe tana kallon dugadugan nan. Ta ce, muryarta da ƙyar take fita, "Yaya, kullum suke yi mata?"

Yaya, mai amsar kowace magana, ta juya tana kallon bango.

Wata nas ta iso da ɗan faranti. Ta ce lokacin duba sugan jaririyar ya yi, ɗigon jini ɗaya za a ɗauka a dunduniya. Yaya ta kama keken za ta juya shi, ta ce bari su jira a waje. Nas ta ce, "Bar ta. Sun fi natsuwa in an riƙe su." Ta buɗe 'yar tagar gilashin ta dubi Agogo. "Mama, sa hannu ki riƙe mata ƙafa."

Agogo ta waiwaya ta ga da wa ake. Sannan ta saki matashin, ta tura hannu ta tagar. Ƙafar gaba ɗaya ta ɓace a tsakanin yatsunta biyu, da ɗumi, tana ɗan turewa. Nas ta goge dunduniyar, ta ɗauko abin hudawa.

"In ba za ki iya kallo ba ki kau da kai," in ji Yaya daga baya.

Ba ta kau da kai ba. Aka huda, jini ya fito ɗigo guda, yarinyar ta yamutsa fuska ta buɗe baki, kukan bai fi na ɗan tsako ba. Agogo ta sunkuya iyakar yadda ɗinki ya bar ta, har goshinta ya taɓa gilashin, tana cewa, "Yi haƙuri. Yi haƙuri, ni ce. Ni ce."